Gyaran Zuciyar Jariri ta Jijiya, Ba Tare da Tsaga Ƙirji Ba

Cikin jarirai 1,000 da ake haifa da rai, kimanin 8 zuwa 10 kan zo da wata tawaya a ginin zuciya. Mafi yawansu suna iya jira wata da watanni, wasu ma 'yar huda ce da ke toshewa da kanta. Amma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara ba su da lokacin jira. Lafiya lau ake sallamo su daga asibiti, su kama nono, a fara shirin suna, sai a kwana na uku ko na biyar jiki ya rikice. Saboda su muke wannan bayani, ga iyaye da kakanni da ungozomomi da nas-nas na Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama, Madina da Ashaiman, a Akra da kewayenta. A yau akwai tawayoyi da dama da ake ceto jariri daga gare su ta hanyar zura siririn bututu a jijiya, wanda likitoci ke kira kateta, ba a tsaga ƙirji ba. Sharaɗin shi ne yaron ya iso hannun masu aikin da sauran ƙarfinsa.

Me ya sa kwanakin farko ke da haɗari

Zuciya kamar gida ce mai zaure biyu a sama da ɗaki biyu a ƙasa. Jinin da jiki ya gama amfani da shi yana shiga zauren dama, ya gangara ɗakin dama, a tura shi huhu ya ɗebo iska. Daga huhu ya dawo zauren hagu, ya sauka ɗakin hagu, a harba shi ta babbar jijiya, wato awota, zuwa ko'ina a jiki. A bakin kowane ɗaki akwai ƙyaure mai buɗewa gaba kawai, shi ake kira bawul.

Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa, ta cibiya yake samun iska. Don haka Allah ya yi masa hanyoyin ratse guda biyu: wata 'yar taga tsakanin zaurukan, da wata gajeriyar gada da ta haɗa jijiyar huhu da awota. Da ya faɗo ya yi kukan farko gadar nan take fara tsukewa. Cikin kwana ɗaya zuwa uku ta daina wucewa da jini, cikin mako biyu zuwa uku ta liƙe ruf. Ga lafiyayyen yaro haka ake so. Ga wanda ƙyauren huhunsa ya toshe, ko manyan jijiyoyinsa biyu suka yi musanyar wuri, ko awotarsa ta matse, gadar nan ce kaɗai ke riƙe da shi, kuma rufewarta ce ke kawo rikicewar da ake gani ana saura kwana biyu suna.

Ginin zuciya yana kammala ne cikin makonni 8 na farkon ciki. Ciwon suga ga uwa, kamuwa da rubela a farkon ciki da wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara haɗarin, kuma kusan rabin yaran da aka haifa da larurar Down suna da tawayar zuciya. Amma mafi yawan lokuta ba a samun wani dalili. Kada a ɗora wa maijego laifi, abin da take ciki ma ya ishe ta.

Yadda za a gane

Shuɗin da ake faɗa ba ya fitowa sosai a baƙar fata. A kai yaro bakin taga da rana, a buɗe bakinsa, a dubi harshe da dasashi da cikin leɓe. Na lafiyayye ja ne mai haske. Na mai matsala ya dushe, ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Tafin hannu da na ƙafa su yi duhu a ranar farko ba abin tsoro ba ne, sanyi ma yana sa haka. Harshen ne abin dubawa.

Sai numfashi. A ɗaga masa riga yana barci, a ƙirga tashin cikinsa na minti guda cif da agogon waya. In ya wuce 60, aka sake ƙirgawa ya sake wucewa, to akwai magana. A lura da tsotso: ya kama nono minti biyu ya saki yana haki, gumi na tsatstsafo masa a goshi, ya huta ya sake kamawa, har awa guda bai ƙoshi ba. A ƙara da lotsawar awazu, sanyin ƙafafu da raguwar fitsari.

Maƙwabtanmu Tonawa kan kira irin wannan asram, mu kuma mu ce sanyi ne ya kama shi ko iska ce ta taɓa shi, a shiga neman jiƙo da hayaƙi. Kwana biyun da ake ɓatawa a nan su ne kwana biyun da gadar ke rufewa. A asibiti ma alamun suna kama da na ƙwayar cuta a jini, kuma daidai ne a fara maganinta nan take, amma duk jaririn da ya faɗi a makonni biyun farko a ajiye zuciya a rai har sai an wanke ta.

Ga ungozoma da nas, awo biyu ne masu sauƙi da bai kamata a sallami jariri ba a yi su ba. Na farko 'yar na'urar awon iska da ake naɗawa a hannu. Bayan awa 24 da haihuwa, ko dab da sallama in za a sallama da wuri, a auna hannun dama da ƙafa ɗaya. In duka sun kai 95 kuma tazararsu ba ta wuce 3 ba, ya tsallake. Ƙasa da 90 a ko'ina, a kira likita yanzu. Tsakanin 90 da 94, ko tazarar da ta wuce 3, a sake bayan awa guda, in bai gyaru ba a nemi hoton zuciya na eko. Hannun dama ake zaɓa domin jininsa yana rabuwa da awota kafin a kai gadar, na ƙafa kuwa bayanta, shi ya sa bambancinsu ke tona abin da ke ciki. A sani kuma na'urar takan ɗan ƙara lamba a fata mai duhu, saboda haka 93 ba abin da za a ce ai ya kusa ba ne. Na biyu, a sa yatsa a gindin cinya a ji bugun jijiya a ɓangarorin biyu. In hannu na bugawa da ƙarfi cinya kuwa shiru, a yi zargin matsewar awota ko da awon iska ya yi kyau.

A riƙe gadar a buɗe

Maganin da ke hana gadar rufewa, har ya sake buɗe wadda ta fara tsukewa, shi ne furostagilandin. Yana zuwa a 'yar kwalba mai maikirogiram 500 cikin mililita ɗaya, ana ajiye shi a firji. In yaro yana da ƙarfinsa ana farawa da nanogiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo a minti. In ya riga ya faɗi, likita kan ɗaga zuwa 50, wani lokaci har 100, sannan a sauko da shi in gada ta buɗe. Wani haɗi mai sauƙin riƙewa: maikirogiram 15 ga kowane kilo a cikin ruwa mililita 50, sai mililita 1 a awa ta ba da nanogiram 5 ga kilo a minti. Yaro mai kilo 3 ke nan maikirogiram 45. Mutum biyu su duba lissafin, domin tsakanin nanogiram da maikirogiram ninki 1,000 ne, kuma a nan aka fi yin kuskure.

Maganin ba ya daɗewa a jini, huhu yana cinye shi cikin mintuna. Saboda haka da injin tura ruwa ake ba shi, ta allurarsa shi kaɗai, ba a tsayar da shi, ba a kuma wanke layin da ƙarfi don kada a tura mai yawa lokaci guda. A kafa allura ta biyu tun kafin ta farko ta toshe. Babbar illarsa ɗaukewar numfashi, wadda kan sami kusan ɗaya cikin goma, musamman masu ƙasa da kilo 2 da kuma a awannin farko. Jakar hura iska ta zauna a kan gadon. Zazzaɓi da jan fata ma suna faruwa, ba su ne dalilin tsayarwa ba.

Iskar oksijin kuma a yi ta da lissafi. Tana tsuke gadar, tana kuma buɗe jijiyoyin huhu har jini ya karkata can ya bar jiki. Ga yawancin waɗannan yara, da zarar an tabbatar zuciya ce, 75 zuwa 85 shi ake nema, ba 100 ba.

A Akra, Cibiyar Zuciya ta Ƙasa, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989, tana cikin asibitin Korle Bu. Na Kumasi da kewaye asibitin Komfo Anokye ne mafarinsu. A yi waya kafin a tashi, likita da likita su yi magana, a tabbatar akwai gado da wanda zai karɓa. A kira 112 don motar asibiti. Tasi ko trotro ba wurin yaron da ke kan furostagilandin ba ne, domin in numfashi ya ɗauke a cunkoson hanya babu mai taimako. Nas ta raka shi, a auna suga kafin tashi, a sa masa hula a lulluɓe shi, zafin jiki ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. A tafi da littafin awon uwa da ɗa, da katin inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, na uwar.

Maganar kuɗi gara a yi ta tun ranar farko. Hoton eko da aikin zuciya sun daɗe a jerin abubuwan da NHIS ba ta ɗauka, kuma balan-balan da ragar ƙarfe da ake sawa a zuciya ta kateta daga waje ake shigo da su, sau ɗaya ake amfani da kowanne. Uba ko kawu ya nemi a rubuta masa kiyasi, ya tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya irin tallafin da ke akwai a lokacin, har da na Ghana Heart Foundation. In za a kai maganar masallaci ko ƙungiyar dangi, a kai yau, kada a bari sai bayan suna.

Kafin a shiga ɗakin aiki

Eko ne ke yanke hukunci. Da shi ake auna faɗin ƙyaure da tsawon gada, a san ko kateta za ta yi ko sai tiyata. Ana ɗibar jini a duba yawansa, daskarewarsa, aikin ƙoda da rukuninsa, a tanadi leda guda. Dangi biyu su shirya ba da jini.

Ana tsayar da madarar gwangwani awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, a ɗaura ruwa mai suga don kada sugan jininsa ya faɗi. Nan ne tausayi ke jawo ɓarna: yaro na kuka, kaka ta ce a ɗan ba shi ko kaɗan ne. In ciki da nono aka sa shi barci, zai iya amayowa ya shaƙe cikin huhu. In an riga an ba shi, a faɗa, a ɗaga aikin. Maijego ta riƙa tatsa kowace awa uku a ajiye masa, don kada nono ya janye.

Kafin sa hannu a takarda, iyaye su tambayi likita ko wannan gyara ne na dindindin ko tallafi ne kafin tiyata, ta wace jijiya za a shiga, kuma in abu ya ɓaci ana tsakiyar aiki akwai likitan tiyata a kusa. Hakkinku ne, kuma likitan kirki yana jin daɗin mai tambaya.

Abin da ake yi a ciki

Ana kwantar da yaro a kan shimfiɗa mai ɗumi, yawanci a sa shi barci a sa masa bututun numfashi. Da na'urar hoto ake nemo jijiyar gindin cinya, a soka allura, a zura lallausar waya ta cikinta, a zare allurar, a bi wayar da ɗan gajeren kube wanda zai zama ƙofar shiga da fitar kayan aiki. A kwanakin farko jijiyar cibiya ma tana nan buɗe, ana iya bi ta nan a bar cinya ta huta. Kaurin kateta da lamba ake faɗinsa, kowace lamba sulusin milimita. Lamba 4 da aka fi sa wa jarirai ba ta kai kaurin tsinken ashana ba, amma jijiyar bugu, mai kai jini daga zuciya zuwa jiki, ta cinyar jaririn kanta kusan milimita 2 ce, shi ya sa ake kaffa-kaffa da ita. Ana ba da hefarin, yunit 50 zuwa 100 ga kilo, don kada jini ya daskare a jikin bututun. Jinin jariri mai kilo 3 gaba ɗaya kusan mililita 250 ne. Cokalin shayi biyar ya zuba, kashi ɗaya cikin goma ya tafi, don haka ake ƙirga duk abin da aka ɗiba.

Aikin da ya fi kowanne gaggawa shi ne faɗaɗa taga. Akwai yaran da manyan jijiyoyinsu suka yi musanya, abin da ake rubutawa TGA a kati: awota ta fito daga ɗakin dama, jijiyar huhu daga na hagu. Jini marar iska yana ta zagaya jiki, mai iska yana ta zagaya huhu, ba sa haɗuwa sai ta taga da gada. In tagar ƙarama ce, awon iska kan sauka 50 ko ƙasa, furostagilandin ma ba ya isa. William Rashkind da William Miller ne suka fito da maganin wannan a 1966 a Filadelfiya ta Amurka, kuma har yau kusan yadda suka yi ake yi.

Ana tura kateta mai balan-balan a baki, a saɓe, daga zauren dama ta cikin taga zuwa zauren hagu. Kafin a hura sai an tabbatar da eko cewa tana tsakiyar zauren, ba ta leƙa jijiyar huhu ba, ba ta gangara kan ƙyauren ɗakin hagu ba, domin fizga daga ɗayan wuraren nan yaga ce mai kisa. Da ruwa ake hurawa, mililita 1 zuwa 2 gwargwadon girmanta, bayan an fitar da duk wata iska, saboda in ta fashe kada kumfa ya tafi ƙwaƙwalwa. Sai likita ya janyo ta a hankali har ta jingina da bangon, ya kafa hannunsa a kan gado, ya yi fizga ɗaya gajeriya mai kaifi da wuyan hannu, santimita biyu ko uku kacal. Nan take ya mayar da ita gaba kaɗan ya saɓe ta don kada ta toshe jijiyar da ke kawo jini daga ƙasa. Jan hankali miƙe tagar kawai yake yi, ta koma yadda take bayan kwana ɗaya. Yagewa ake so. Ana maimaitawa sau biyu ko uku har balan-balan ta wuce ba turjiya. Sau da yawa ana tsaye ake ganin lambar ta hau daga 55 zuwa 80, harshen yaron ya washe. Ana iya yin aikin nan a kan gadonsa da eko kaɗai. Bugun zuciya kan rikice na ɗan lokaci ya daidaita. Bayan kamar mako shida bangon ya yi kauri, balan-balan ba ta iya yaga shi.

Amma iyaye su ji da kyau: wannan sayen lokaci ne. Gyaran gaskiya tiyata ce ta mayar da jijiyoyin wurarensu, wadda Adib Jatene ya fara yin nasararta a Brazil a 1975, kuma an fi so a yi ta cikin mako biyu zuwa uku na farko, kafin ɗakin hagu ya saba da aiki marar nauyi ƙarfinsa ya ragu. Ranar da aka faɗaɗa taga, ranar za a fara maganar inda za a yi tiyata.

Buɗe ƙyauren huhu da ya liƙe, wanda Jean Kan ta fara a 1982 a asibitin Johns Hopkins, shi ne mai kyakkyawan ƙarshe, sau da yawa yaro ba ya sake buƙatar komai. Wahalarsa ratsa 'yar ƙofar da ta rage da siririyar waya. In waya ta wuce, ana bin ta da balan-balan mai faɗin kusan 1.2 na zoben ƙyauren, misali zobe mai milimita 7 a sa masa ta milimita 8. Ana hurawa a ga ta yi ƙugu a daidai matsewar, a ci gaba har ƙugun ya ɓace, a saɓe cikin daƙiƙa 5 zuwa 10, domin muddin tana hure jini ba ya wucewa. Kada a karaya in awon iska bai hau nan da nan ba. Ɗakin dama ya yi kauri ya sandare saboda turawa da ya daɗe yana yi, sai ya ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya saki, wani lokaci a ci gaba da furostagilandin har lokacin. In ƙyauren a rufe yake ruf, ana iya huda shi da waya mai zafi sannan a faɗaɗa, bayan an tabbatar jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta ba su dogara da matsin ɗakin dama ba.

Ƙyauren awota ba ya son ganganci. A nan balan-balan ba ta wuce faɗin zoben, ana farawa da kamar 0.9 nasa. In aka zarce, ƙyaure ya yage ya riƙa yoyon jini baya, abin da ya fi matsewar wuyar gyara. Gara a bar 'yar matsewa. Da yawan yaran nan za su sake buƙatar wani aiki in sun girma. Matsewar awota kanta kuwa, a jariri tiyata ta fi, domin bayan balan-balan takan sake tsukewa cikin watanni. Sai dai a yi ta don ceto wanda ya galabaita har ba zai jure tiyata ba.

Ga yaron da huhunsa ya dogara da gada kacokan, ana iya dasa 'yar ragar ƙarfe a cikinta, irin wadda ake sa wa manya a jijiyar zuciya, mai faɗin milimita 3.5 zuwa 4. An fara wannan a Ingila a 1992. Ana rage ko tsayar da furostagilandin awanni kafin aikin don gadar ta ɗan tsuke ta kama ragar, in ba haka ba sai ta zame. Dole ragar ta rufe gadar daga baki zuwa baki, ko milimita biyu aka bari nan ne zai tsuke. Saboda gadar kan yi lanƙwasa, wani lokaci ta jijiyar hammata ko ta wuya ake shiga.

Akwai kuma akasin haka, bakwainin da gadarsa ta ƙi rufewa tana cika huhu da jini, wato PDA. Ana fara gwada ibufurofen ko farasitamol. In sun gaza, ana toshe ta da ɗan toshi na saƙaƙƙiyar waya. Wanda ake kira Amplatzer Piccolo ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2019 ga jarirai daga giram 700. Ta jijiyar da ke dawo da jini zuciya ake shiga, ba a taɓa ta bugu, kuma ba a sakin toshin sai eko ya nuna bai matse jijiyar huhun hagu ko awota ba. Sauran hudojin zuciya da aka fi ji a gari yawanci ba na makon farko ba ne, ana bin su a asibiti har yaro ya yi ƙwari.

A sa ido a ƙafa

Bayan an zare kube ana danne wurin da yatsa minti 10 zuwa 15, dannewar da za ta tsayar da jini ba tare da ta kashe bugun ƙafa ba. Ƙafar ta zauna a miƙe awa 4 zuwa 6. Nas za ta duba kowane minti 15 a awar farko, sannan kowane rabin awa, sannan kowace awa. Wanda ke jinya ma ya koya, don shi ne ke zaune a wurin. A buɗe ƙafafun biyu a jera su. A taɓa da bayan hannu, ɗuminsu ɗaya? A danna tafin ƙafa na daƙiƙa biyar a saki, jini ya dawo cikin daƙiƙa 3. A ɗaga nafkin a duba bandeji, a leƙa har ƙarƙashin ɗuwawu, domin can jini ke gangarawa ya ɓuya. Za ku ji nas na cewa, "Mma, ku bar masa ƙafar a waje, kada a naɗe shi tukuna." Dalilin ke nan.

Ƙafar da ta yi sanyi ta koɗe, bugu ya ɓace, gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma ita ce matsalar da aka fi samu ga jarirai in ta jijiyar bugu aka shiga. In an gani da wuri ana ɗaura hefarin, in bai buɗe ba a ba da mai narkar da gudan jini. In aka yi sakaci ƙafar kan iya ƙin girma daidai da 'yar'uwarta. Kada a gasa ta da ruwan zafi, kada a murza, a kira nas. A lura da fitsari ma, saboda ruwan da aka zuba a jijiya don ɗaukar hoto ta ƙoda yake fita. Kumburin ciki, koren amai ko jini a kashi alama ce hanji bai sami isasshen jini ba, a tsayar da nono a kira likita.

Bayan an koma gida

Kwana biyu zuwa uku a goge jiki kawai, kada a tsoma shi a baho. Gashi da tawul mai zafi da tausar man kaɗanya su kauce wa gindin cinya har mako guda. Kumburin da ke bugawa, ja ko ruwa a wurin, a koma asibiti.

Nono kaɗan-kaɗan akai-akai, sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kowane zama kada ya wuce minti 20, don tsotso aiki ne mai cin ƙarfi gare shi. In ya gaji a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi. Ana so ya riƙa ƙara giram 20 zuwa 30 a rana, a kai shi awo kowane mako. Allurar rigakafi ta mako 6, 10 da 14 tana nan yadda take sai in likita ya ce a ɗaga. Addu'a da tofi a yi ta yi, amma ba jiƙo, ba zuma, ba ruwa.

Suna ba ya buƙatar a ɗauko yaro daga gadon asibiti. A raɗa, a yanka rago, a yi masa addu'a yana can. Wanzami ya dakata: kaciya sai likitan zuciya ya ba da izini kuma a asibiti, cire beli kuwa a bar shi gaba ɗaya, domin zubar jini da shigar ƙwayar cuta zuwa zuciya duk ta nan suke biyowa.

Wanda aka sa wa raga a gada yana shan asfirin kullum, miligiram 3 zuwa 5 ga kilo, ba a tsallake rana, kuma ana ƙara shi in nauyi ya ƙaru. Gudawa da amai suna kaurara jini su toshe ragar, don haka ba a kwana da su a gida. Ragar ba ta girma da yaro, nama ma yana tsirowa a cikinta, shi ya sa watanni kawai take yi kafin aiki na gaba, kuma ranar komawa eko ba a ɗaga ta saboda biki ko tafiya. In harshensa ya yi duhu farat ɗaya, ko ya yi laushi ya ƙi nono, ko da tsakar dare ne a ɗauki takardar sallama a nufi ɗakin gaggawa, a gaya wa nas ɗin farko da aka tarar cewa yaron nan yana da raga a gadar zuciyarsa.